Kashar, ɗarifa da karcofo: tarihin abincin Yahudawan Rum da abin da ya haɗa shi da Adar

1. Gabatarwa

Tun shekarar 1984, lokacin da aka soma shirin raya karkara na Kaita da kuɗin gwamnatin Italiya tare da hukumar FAO, sunan birnin Rum ya daina zama baƙo a Adar. Ma'aikatan gona da na gandun daji da ɗalibai sun riƙa zuwa can taro ko ƙarin ilimi, har garin Kaita ya ƙulla zumunci da garin Pesaro. Hedikwatar FAO tana Rum tun 1951, kuma tafiyar ƙafa ce kaɗan tsakaninta da tsohuwar unguwar Yahudawa, inda gidajen abinci suka jeru a titin Portico d'Ottavia suna jiran masu yawon buɗe ido. Musulmin da ke gudun naman alade yakan ji an ce masa ya nufi can, domin abincinsu kashar ne.

A wannan maƙala za mu bi tarihin wannan abinci, sannan mu nuna cewa tambayar da baƙon yake yi a bakin ƙofa, wato ko ya halatta ya ci, tsohuwar tambaya ce a littattafan da ake karantawa a zaurukan Madawa da Buza da Kaita. Hanyarmu ita ce bin sawun kalmomi.

2. Kalmomi uku na farko

Kalmar kashar ta Ibrananci ce, ma'anarta abin da ya dace ko ya cancanta. Kishiyarta a bakin jama'a ita ce terefa, wadda asalinta dabbar da naman daji ya yaga, daga baya ta ɗauki ma'anar duk dabbar da aka samu da wani aibi a jiki bayan yanka, musamman a huhu. Yankan kansa sunansa shehita, mai yin sa kuma shohet, mutum ne da aka horar, yana aiki da wuƙa mai kaifi marar giɓi.

Da yake Ibrananci da Larabci ƴan gida ɗaya ne, saiwoyin da suka ba Hausa halal da haram suna nan a Ibrananci, amma da wata ma'ana. Hol na nufin abin yau da kullum wanda ba a keɓe ba, herem kuma abin da aka keɓe aka hana taɓawa. Ke nan fassara kashar da halal fassara ce ta kusa, ba daidai wa daida ba. Raƙumi da zomo da tarwaɗa halal ne a Adar, amma ba kashar ba ne: raƙumi da zomo saboda kofatonsu bai rabu ba, tarwaɗa saboda ba ta da ɓawo. Haɗa nama da nono a tukunya ɗaya ko a ci ɗaya haramun ne gare su, don haka gidan abinci yakan zama na nama ko na nono. Giyar inabi kuwa, idan an yi ta bisa ƙa'idarsu, kashar ce, kuma takan shiga miya.

3. Unguwar da aka kulle, 1555 zuwa 1870

Yahudawa suna Rum tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarar 1492 aka kore su daga Sifen, sannan daga Sisiliya, wasu daga cikin korarrun suka sauka Rum da nasu salon girki. A watan Yuli na 1555 Fafaroma Bulus na IV ya fitar da dokar da ta tattara su a wata ƴar unguwa mai kimanin hekta 3 a bakin kogin Tibar, inda ambaliya ke yawan ci. Aka zagaye ta da katanga, ana kulle ƙofofi da dare. Sunan geto da aka laƙaba mata daga Benis ya zo, inda aka fara irin wannan a 1516. Dokar ta hana su mallakar gidaje, ta hana su fataucin hatsi da sauran kayan masarufi, ta bar musu cinikin tsummoki. Ta kuma ce majami'a ɗaya kawai za su yi, sai suka shigar da majami'u 5 cikin gini guda, har da ta mutanen Sisiliya da ta Kastiliya da ta Kataloniya, kowace da al'adarta.

Abincin da ake yi wa talla a yau ɗan wannan matsi ne. Kasuwar kifi ta birnin tana jikin unguwar, a ƙarƙashin Portico d'Ottavia, sai mata suka riƙa yin romo da kawunan kifi da ƙayoyinsa, suna gasa ƙananan kifaye da ganye mai ɗaci. Daga mahauta kuma kayan ciki ne ke isowa ga talaka. Da yake ba a haɗa man shanu da nama, kitsen alade kuma haramun ne, sai man zaitun ya zama abin suya. Da shi ake soya karcofo, wani tsiro mai ɓawo-ɓawo da Faransawa ke kira artisho, har ya buɗe kamar fure. Wannan shi ne carciofi alla giudia, wato karcofo irin na Yahudawa. Sunan Italiyancin da na Faransancin duk daga kalmar Larabci harshuf suka fito, abin da ke nuna hanyar da sunan ya bi kafin ya iso Turai.

An kawo ƙarshen kulle a 1870, lokacin da Rum ta shiga ƙasar Italiya. Aka rushe tsofaffin gidajen a shekarun 1880, aka buɗe babbar majami'a a 1904. A ranar 16 ga Oktoba 1943 sojojin Jamus suka kama fiye da mutum 1,000 a wannan unguwa da sauran sassan birnin, aka kai su Aushwits. Mutum 16 ne suka dawo. Wanda ya zauna cin abinci a titin nan, a wurin da aka yi wannan kamu yake zaune.

4. Ɗarifa: kalmar Ibrananci a fiƙihun Malikiyya

Nan ne tarihin ya iso gida. Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi abincin Ahlul Kitabi, Suratul An'am kuma ta ambaci abin da aka haramta wa Yahudawa na dabbobi da kitse. Malaman Malikiyya sun haɗa waɗannan nassoshi biyu suka fitar da matakai uku. Na farko, abin da Bayahude ya yanka wanda ya halatta gare shi, Musulmi yana iya ci. Na biyu, abin da Alƙur'ani da kansa ya tabbatar an haramta masa, kamar raƙumi da jimina, idan shi ya yanka ba a ci. Na uku, abin da shi ne ya ce haramun ne gare shi alhali nassinmu bai faɗa ba, wannan makaruhi ne. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta halatta yankansu, ta karhanta kitsen ba tare da haramtawa ba. Muhtasar na Halil ya zo da rabe-raben a taƙaice.

Misalin da masu sharhi ke bayarwa na mataki na uku shi ne ɗarifa, wato dabbar da aka samu huhunta da aibi. Wannan kalma ba wata ba ce illa terefa da ta sa rigar Larabci, mu kuma muka karanta harafinta na farko da ɗ kamar yadda muke yi a ɗalibi da ɗahara. Almajirin da ke bitar sharhin Muhtasar a Buza yana furta kalmar mahautan Yahudawa ba tare da ya taɓa ganin ɗayansu ba.

Me ya kawo ta cikin littafi? Kasuwa ce. Shohet ba ya sanin halin huhu sai bayan ya yanka. Idan saniya ta fito terefa, mai ita ba zai zubar da dukiyarsa ba, sai ya nemi maƙwabcin da dokarsa ba ta hana shi ba. Haka nan cinyoyin baya, waɗanda cire jijiyar da aka haramta daga cikinsu aiki ne mai wuya, sau da yawa ga maƙwabta ake sayar da su. A garuruwan Turai da dama hukuma ta yi ta kafa dokar hana Kirista sayen wannan nama. A ƙasashen Musulmi kuma malamai suka ba shi suna da hukunci. Ba a yi wa abu hukunci sai yana faruwa. Samuwar kalmar shaida ce ta cewa a Ƙairawan da Andalus da Fas jama'ar biyu sun yi cinikin nama da juna.

5. Sahara a tsakani

Idan haka ne, me ya sa kalmar ta iso ƙasar Hausa amma masu ita ba su kafa unguwa ba? Wani ɓangare na amsar yana ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili. Wajajen 1492, shekarar korar Sifen, ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a Tuwat, waɗanda ke da hannu sosai a fataucin Sahara. A cikin shekarun nan ne ya bi ta Ayar da Takadda, ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya je Katsina, sannan Gawo wurin Askiya Muhammadu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leon l'Africain, ya ba da labarin cewa sarkin Tambutu ba ya barin Yahudawa su zauna a birninsa. A Rum ya kammala littafinsa a 1526, littafin da ya bayyana wa Turawa Agadas da Gobir da Kano da Katsina, kuma a Italiya ya yi aikin ƙamus na Larabci da Ibrananci da Latin tare da wani likita Bayahude, Yakubu Mantino.

Adar ta shiga ƙarƙashin Agadas a 1674 ta hannun Agabba, kamar yadda Djibo Hamani ya nuna a littafinsa na 1975, ta zama mahaɗar ayarin Abzinawa da kasuwannin Hausa. A ƙarni na 19 gashin jimina da fatun da ke fita daga Kano da Damagaram suna ƙarewa a Turabulus, inda gidajen kasuwanci na Yahudawa ke ba fataken Gadamas bashin haja, su kuma tura kayan Turai. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya wannan hanya. A 1967, bayan yaƙin kwana 6, aka kwashe dubban Yahudawan Libiya zuwa Italiya, wasunsu suka zauna Rum. Su ne suka kawo kuskus da kifi mai yaji da ake kira haraimi, kuma zuriyarsu na riƙe da gidajen abincin kashar da dama a birnin. Saboda haka takardar abincin da ake miƙa wa baƙo tana ɗauke da zango uku: tsohuwar Rum, korarrun 1492, da mutanen Turabulus da aka san kakanninsu da fataucin Sahara.

6. Suna da shaida

Ba kowane gidan abinci na wannan titi ne kashar ba. Wasu suna sayar da girkin Yahudawan Rum amma suna barbaɗa cuku a kan nama, suna buɗewa ranar Asabar. Na ainihi yana da takardar shaida daga ofishin malaman addininsu, yana da mai sa ido a madafa, yana rufewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar. A can taliyar da sauran Rumawa ke yi da kumatun alade da cuku ana yin ta da busasshen naman sa, ba cuku. Ga Musulmi, wannan takarda tana tabbatar da abu biyu, babu alade kuma an yi yanka. Ba ta ce komai game da giya ba, sai ya tambaya. Sauran hukuncin na malaman fiƙihu ne.

Wannan rabuwa tsakanin sunan abinci da shaidarsa ta shafe mu kai tsaye. Kilishin Madawa ya yi suna har ana sayar da wanda ba a can aka yi ba da sunansa. A da shaidar nama ita ce sarkin fawa da malamin da ke yanka, mutanen da kowa ya sani a kasuwa. Idan kilishi ya shiga leda ya haye jirgi, mai saye ba ya ganinsu, sai takarda ta maye gurbinsu. Haka kuma abincin wuya: ƴaƴan anza da mata ke jiƙawa kwanaki don cire ɗaci, da tafasa da fara, su suka riƙe rayuka a 1973 da 1984 da 2005, amma da yawa ana jin kunyar ambatonsu. Karcofo da romon ƙayar kifi su ma abincin kunya ne a zamaninsu. Bambancin shi ne an rubuta tarihinsu, an adana karin harshen masu su, har mawaƙi Crescenzo Del Monte (1868 zuwa 1935) ya yi waƙoƙi da shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa abincin Yahudawan Rum dokoki biyu suka gina shi, ta addininsu da ta Fafaroma, kuma kalma ɗaya daga cikinsa ta iso zaurukanmu ta hanyar fiƙihu. Aiki biyu muke ba ɗalibanmu shawara a kai. Na ɗaya, a tattara kalmomin fawa da yanka da sassan nama daga bakin mahautan Madawa da Buza da Kaita, da Hausa da Buzanci, a tantance na gado da na aro. Na biyu, a naɗi yadda malaman zaure ke fassara babin yanka na Risala da Muhtasar da baki, a ga da wace kalma suke mayar da ɗarifa. Tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi suna raguwa kowace shekara, don haka aikin ba ya jira.