Ƙafar da Ke Jin Ƙaya Amma Ba Ta San Inda Take Ba

Kafin shekarar 2003, lokacin da shirin ZACA ya rushe tsofaffin unguwannin tsakiyar Wagadugu, akwai wani dattijo a layinmu na Peuloghin da mu yara muke kira Baba mai goro. Da rana yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, sai dai tafiyar tasa daban ce: yana ɗaga ƙafa sama ya buga ta da ƙasa kamar soja, idonsa kuma ba ya barin ƙafafun. Da duhu ya shigo sai an riƙe masa hannu. Idan ya tsuguna alwala ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya kife. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne na abokan kasuwa, marasa kunya kuwa suna raɗa cewa dolo yake sha a ɓoye, mutumin da bai taɓa barin sahun farko ba. Shi dai abin da yake cewa, ƙasa ta zame masa kamar auduga. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan ya taka ƙaya yana ji, idan shayi ya zubo masa a ƙafa yana zabura.

Sai bayan shekaru, ina gabatar da shirin lafiya a rediyo, wata mai sauraro ta bugo waya ta kwatanta ciwon mahaifinta, kamar Baba mai goro take sifantawa. Likitan da na gayyato ya ce mata saƙon jiki ba hanya ɗaya yake bi zuwa ƙwaƙwalwa ba, ɗaya na iya lalacewa ɗaya na aiki. Daga ranar na shiga bin tarihin maganar.

Laka, wato farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, tsawonta a jikin babban mutum kamar santimita 45 ne, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Tun ƙarni na 2 Jalinus, likitan nan Bagirke da Hunaini ɗan Ishaƙa ya fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, ya riƙa yanke lakar dabbobi a wurare daban-daban, yana lura cewa duk abin da ke ƙasa da yankan ya daina motsi, ya daina ji. An san laka hanya ce ke nan, amma yadda aka tsara ta a ciki ya jira fiye da shekara 1,500. A 1811 Charles Bell a Landan, sannan a 1822 François Magendie a Faris, suka nuna cewa kowace jijiya tana haɗuwa da laka da saiwa biyu: ta gaba tana fitar da umarnin motsi, ta baya tana shigar da ji. Mutanen biyu da magoya bayansu sun daɗe suna rigima a kan wa ya riga wa, ko da yake gwajin Magendie ne ya fi fitowa fili.

To, bayan saƙo ya shiga laka, ina yake bi? Manyan malaman Faris na lokacin sun tsaya a kan cewa duk wani ji yana hawa ne ta ginshiƙan bayan laka. Wanda ya ƙaryata su ɗan tsibirin Morishus ne, can gabas da Madagaska. Sunansa Charles-Édouard Brown-Séquard, an haife shi a Port Louis a 1817. Mahaifinsa Ba'amurke ne, kyaftin ɗin jirgin ruwa, ya ɓace a teku tun kafin a haife shi, uwarsa ce ta rene shi. Ya tafi Faris a 1838 da burin zama marubuci, da abin bai yiwu ba ya koma karatun likita. (Ina faɗin wannan ne don 'yan'uwana marubuta su ji daɗi.) A kundinsa na 1846 da gwaje-gwajen da ya yi zuwa 1850, ya riƙa yanke rabin lakar dabba, ɓangare ɗaya kawai. Sai ga abin mamaki: ƙafar da ke ɓangaren yankan ta shanye, amma tana jin zafi, ɗaya ƙafar kuwa tana motsi lafiya lau, amma ko an tsikare ta ba ta ji. Ma'ana, saƙon zafi yana tsallakawa ɗaya ɓangaren tun yana cikin laka. Har yau idan wuƙa, harsashi ko haɗarin babur ya raunata rabin lakar mutum, da sunansa likitoci ke kiran abin da ya biyo baya.

Rayuwarsa kanta labari ce. Ya koma tsibirinsu a 1854 ya yi aikin jinya lokacin annobar kwalara, ya yi ta kai da komo tsakanin Faransa, Ingila da Amurka, ya gaji kujerar Claude Bernard a Collège de France a 1878. A 1889, yana da shekara 72, ya sanar cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da wasu dabbobi ya dawo da ƙuruciyarsa, duniya ta yi masa dariya. Ya rasu a 1894. A ganina dariyar ta rufe wa mutane da yawa ainihin aikinsa.

Bai warware komai ba. Sai da wasu suka zo bayansa aka fahimci cewa manyan hanyoyin biyu ne, kuma kowace da kayan da take ɗauka. Ta farko tana hawa ta bayan laka, tana ɗauke da taɓawa mai laushi, da girgiza, da wani ji da ba mu ba shi suna ba a Hausa don ba mu lura da shi: sanin inda gaɓoɓinka suke ba tare da ka duba ba. Rufe idonka yanzu, mai karatu, ka kai yatsa hancinka. Wannan jin ne ya kai ka. Hanyar nan ba ta tsallakawa sai ta isa gindin ƙwaƙwalwa. Ta biyu tana ɗauke da ciwo, zafi da sanyi, ita ce ke tsallakawa jim kaɗan da shigarta, sannan ta hau ta gefen laka wajen gaba. Dukansu suna yada zango a wani wuri mai suna talamus a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga nan a miƙa su ga ɓawonta, inda mutum ke sanin ya ji. Jijiyoyin da ke kawo saƙon daga fata ma gudunsu ba ɗaya ba ne: masu kauri suna kai mita 70 ko fiye a daƙiƙa, sirara masu kawo raɗaɗi kuwa kamar mita 1. Shi ya sa idan ka yi tuntuɓe kake fara jin bugun, sai daga baya zugin ya iso.

Tabbacin hanyar ciwo daga gadon asibiti ya zo. A Filadelfiya, William Spiller ya ga wani maras lafiya da ya daina jin zafi a ƙafafunsa amma yana jin taɓawa, bayan rasuwarsa aka tarar tarin fuka ya ci gefen lakarsa. A 1911 Spiller ya sa abokin aikinsa Edward Martin ya yanke wannan wurin da gangan a jikin wani mai ciwon daji don a raba shi da azaba.

Ciwon Baba mai goro kuwa na ɗaya hanyar ne, kuma an riga an kwatanta shi tun 1846. Moritz Romberg na Barlin ya lura cewa masu ciwon bayan laka suna iya tsayuwa muddin idonsu a buɗe yake, da sun rufe sai su yi tangaɗi, domin ido ne ke yi musu aikin da ƙafa ta daina yi. A Turai ta lokacin, mafi yawa tsohon tunjere ne ke kawo shi, kamar yadda Alfred Fournier ya nuna daga baya. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ƙarancin bitamin B12 yana cin wannan hanyar. Ciwon suga yana kawo irin alamar ta hanyar lalata jijiyoyin ƙafa tun kafin su isa laka. A 1968 kuma Benjamin Osuntokun na asibitin koyarwa na Ibadan ya wallafa bincikensa a kan talakawan kudu maso yammacin Nijeriya masu irin wannan tafiyar, waɗanda rogo ne kusan dukan abincinsu, ya danganta ciwon da gubar da ke saura cikin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa sosai ba. Tunjere yana jin penisilin, B12 allura ce mai araha, amma abin da ya riga ya mutu a laka ba ya dawowa, shi ya sa watannin farko suke da tsada.

Gwajin Romberg ba ya bukatar na'ura. Mutum ya haɗa ƙafafunsa ya tsaya, wani na kusa da shi don ya tare shi, sannan ya rufe ido. Baba mai goro yana yi wa kansa wannan gwajin sau biyar a rana a gaban unguwa duka, daga gidansa zuwa asibitin Yalgado kuma ba wata tafiya ba ce a kan babur. An kai shi wajen masu turare da masu rubutu, har Fada N'Gourma. Da aka tashe mu, iyalinsa suka koma Nioko, mu muka nufi wajen Ouaga 2000, labarin rasuwarsa ma a bakin wani mai goro na ji shi.