Dutsen Zagami da Rigimar Shekarunsa

Wani malamin sakandare daga Tudun Wada ya aiko da tambaya: ɗalibansa na son sanin ko tauraro mai wutsiyar wuta da suke gani yana yanke duhu a kan dajin Falgore ya taɓa isowa ƙasa. Abin da suke gani dutse ne, kuma ya taɓa isowa, a nan kusa.

Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa a Zagami, cikin lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu, iska ta buge shi. Taku kaɗan daga inda yake tsaye, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin ƙasa kamar kamu ɗaya. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, ya yi shekaru a ajiye.

Sai a 1995 aka tabbatar da asalinsa: daga duniyar Mars ya fito. Iskar da ta maƙale cikin ɗigon gilashin da ke jikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auno a duniyar Mars a 1976. Tsawon tafiyarsa kuwa masana ƙwayar zarra suka lissafo: a sararin samaniya akwai ƙananan ƙwayoyi masu gudu kusa da na haske, duk dutsen da suka ratsa sai sun farfasa zarrarsa, su bar ɓurɓushi. Da aka ƙirga na Zagami, ya nuna yawon kusan shekara miliyan 3.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne yaushe dutsen ya daskare daga narkakkiyar wuta. Yawancin awo ya ce shekara miliyan 180. A 2005 Audrey Bouvier da abokan aikinta a Faransa suka ce sam, awon darma ya nuna biliyan 4, ruwa mai tsami da ya ratsa dutsen daga baya ne ya rikita sauran lissafin. Hujja ce mai ƙarfi, amma ɓangaren farko ya fi gamsarwa: a 2013 aka auna ƙwayoyin wani ma'adini mai taurin kai da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya wajen miliyan 180 ɗin.

Abin da ke ci wa mutum rai, an yanyanka dutsen Zagami an watsa kasuwannin ƙetare. Wani ɗan ɓalli ma an maƙala shi a kumbon Mars Global Surveyor a 1996, ya koma kewaya gidansu.