Fadar Haɗeja: Tarihin da ke Jikin Bango



Tun kafin a san sakatariyar ƙaramar hukuma, fada ce majalisar garin Haɗeja. A nan Sarki yake zama da hakimai, a saurari ƙara, a yanke shawarar yaƙi ko sulhu. Sarki Sambo, wanda ya hau gado a 1808, shi ya kafa mulkin Fulani a cikin birnin. Daga wannan fada Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato. A watan Afrilun 1906 kuma sojojin Turawa suka kutsa har cikinta, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasa ransa.

Fadojin ƙasar Hausa da tubali ake ɗaga su, a yi rufi da azara, a ɗaure soro da bakan gizo, a kafa zanko a saman bango. Magini yakan zana dagi tun yaɓe yana ɗanye, ya shafe bango da makuba don kada ruwa ya ci shi.

To amma ginin ƙasa sai da yaɓe a kai a kai, balle a garin da ke bakin kogi, inda damina da ambaliya ba sa raga wa bango. Yau siminti ya karɓe aikin, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa. In muka yi sake, jikokinmu za su gaji sunan soro ba tare da sanin yadda ake ɗaure shi ba.

Mu nemi dattawan magina, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah ya sa mu dace.