Tsara Ƙofofin Sadarwa ga Sabar Fayiloli a Bayan Katangar Tsaro: Nazari kan Ƙananan Ofisoshi a Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a tsara ƙofofin sadarwa na sabar raba fayiloli a ƙananan ofisoshin Gagarawa da maƙwabtanta. Ta dogara da sanannun ƙa'idojin sadarwa da darasin harin WannaCry na 2017. Matsayarta ita ce a rufe ƙofa 445 daga waje gaba ɗaya, a bar ta ga kwamfutocin cikin ofis kawai, ma'aikacin da ke nesa kuma ya shigo ta hanyar VPN.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Ofis a irin wannan yanki, na gwamnati ne ko makaranta ko asibiti ko na ɗan kasuwa mai hulɗa da kasuwar Maigatari, yana tara takardun da mutane da yawa ke buƙata: jadawalin albashi, sakamakon jarrabawa, rajistar marasa lafiya. Abu mafi sauƙi shi ne a ware kwamfuta guda ta zama saba, kowa ya riƙa ɗauka yana ajiyewa. Matsalar takan taso ne ranar da shugaba ya tafi Dutse taro, ya ce yana son fayil ɗinsa daga can. A nan ake shiga jarabar buɗe ƙofa a katangar tsaro.

2.0 Ƙofofin da Ake Magana a Kai

Kowace na'ura a kan intanet tana da adireshi, kowane aiki a cikinta kuma yana da lambar ƙofa, daga 0 zuwa 65535. Ƙa'idar SMB, wadda Windows da manhajar Samba ke raba fayiloli da ita, tana sauraro a ƙofa 445, tsohon tsarinta kuma yana amfani da 137 da 138 da 139. FTP, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 1985, tana karɓar umarni a ƙofa 21, amma tana buɗe wasu ƙofofi dabam domin jigilar fayil, kuma tana aika kalmar sirri a fili ba tare da lulluɓi ba. SFTP tana bin ƙofa 22 a lulluɓe, NFS kuma tana kan 2049. Katangar tsaro ita ke yanke hukuncin wace ƙofa za a buɗe, kuma ga wa.

3.0 Hujjojin Rufewa

Hujja ta farko tarihi ne. Ranar 12 ga Mayu, 2017, WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150 ta wata ɓaraka a tsohon SMB, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ayyuka. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun a watan Maris, amma na'urori masu yawa ba su karɓa ba. Abin lura shi ne ba a buƙaci kowa ya danna komai ba. Buɗaɗɗiyar ƙofa 445 a na'urar da ba a gyara ba ta wadatar. Inda wuta ke ɗaukewa, kuɗin data kuma ke sa a jinkirta sabunta manhaja, tazara tsakanin fitowar gyara da saka shi takan daɗe, haɗarin ya ninka.

Hujja ta biyu ta shafi yadda intanet ke isowa. Ofishin da ya dogara da layin waya, ko da Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023, galibi ba shi da adireshin kansa a bainar intanet, domin ƙarancin adireshin IPv4 ya sa kamfanoni haɗa masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshi guda. Mai kula da sadarwa zai iya tantancewa da kansa: ya buɗe shafin rauta, ya dubi adireshin ɓangaren waje. Idan ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, to ko ya tura ƙofa zuwa saba, saƙon waje ba zai iso ba. Ke nan buɗewar ko dai ta yi aiki ta jawo haɗari, ko kuma ta zama wahalar banza.

4.0 Tsarin da Ake Ba da Shawara

Da farko a ba saba tsayayyen adireshi, misali 192.168.1.10, domin idan wuta ta dawo rauta na iya ba ta sabo, dokokin katanga su koma nuna wata na'ura. Sai a sa dokar tushe ta hana duk mai shigowa, sannan a yarje wa ƙofa 445 ga zangon adireshin ofis kaɗai. A kashe tsohon SMB, a kunna lulluɓin da ya zo da SMB 3, a kashe UPnP wadda ke barin manhajoji su buɗe ƙofa da kansu, a kuma raba wayafai na baƙi da na ma'aikata. Na nesa kuwa ya bi VPN, kamar yadda baƙo ke tsayawa a zaure a san shi kafin a shigar da shi cikin gida. Manhajar VPN ta WireGuard, wadda aka saba ɗora ta a ƙofa 51820, ba ta amsa wa wanda ba shi da mabuɗi. Inda babu adireshin waje, a yi hayar ƙaramar saba a intanet. Ofis da ma'aikaci kowa ya kira ta daga inda yake, su haɗu a can, ba a buɗe komai a ofis ba.

5.0 Suka da Amsa

Wani zai ce wa zai damu da ofis a Gagarawa? Amsar ita ce masu kai hari ba sa zaɓen gari. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ba su san Gagarawa ba, ba su san Landan ba. Wani kuma zai ce a sauya lambar ƙofa zuwa wadda ba a sani ba. Wannan yana rage hayaniya, amma binciken dukkan ƙofofi abu ne mai sauƙi ga na'ura. Suka mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi da ƙwarewa: hayar saba ta wata-wata ce, kuma idan wanda ya kafa tsarin ya bar aiki, ma'aikata za su koma tura takardu ta WhatsApp da filashi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya wajaba a rubuta tsarin a takarda, a koya wa aƙalla mutum biyu. Sai dai kuɗin bai kai asarar jadawalin albashi ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa buɗe ƙofar SMB ga intanet ba shi da kariya ta fuskar tsaro, kuma sau da yawa ba ya ma aiki a irin layukan da yankin ke amfani da su. Ana ba da shawarar cibiyoyin koyarwa kamar Kwalejin Ilimi ta Gumel da Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Kazaure su sa wannan tsari cikin darussan aikace-aikace, domin ɗalibansu ne za su riƙe waɗannan ofisoshi.