Tarihin 'The Jungle Book': Yadda aka ajiye littafi gefe aka yi fim

Mai karatu, in dai kana bin littattafai da finafinai, to ka san ƙorafin nan da ba ya tsufa. Da zarar an mayar da littafi fim sai ka ji masu karatu na cewa darakta ya ɓata labari, ya yanke wuri kaza, ya ƙara abin da marubuci bai ce ba. A wannan watan za mu waiwayi tarihin wani fim na zane, wato katun, wanda masu shi suka yi wa littafin asali abin da ya fi wannan, amma duk da haka ya shekara fiye da 50 iyaye da 'ya'yansu na zama gabansa. Sunansa 'The Jungle Book', na kamfanin Walt Disney da ke Amurka, wanda ya fito a 1967.

Bari mu fara da mai littafin. Sunansa Rudyard Kipling, Baturen Ingila da aka haifa a Bombay ta Indiya, wadda yanzu ake kira Mumbai, a 1865. Yana ɗan shekara 5 iyayensa suka kai shi Ingila tare da ƙanwarsa, suka ba da su riƙo a wani gida a garin Southsea, su kuma suka koma Indiya. Kusan shekara 6 ya yi a gidan nan yana shan wuya. Ka riƙe wannan a ranka, domin yaron da aka raba da iyayensa shi ne ya girma ya rubuta labarin yaron da ya tashi a hannun waɗanda ba su haife shi ba.

Littafin ya fito a 1894, na biyunsa kuma a 1895. Wani abin mamaki, a jihar Vermont ta Amurka ya rubuta shi, ƙasar dusar ƙanƙara, alhali labarin yana faruwa ne a dazuzzukan Seoni da ke tsakiyar Indiya. Labarai 7 ne a littafin farko, kuma 3 ne kawai suka shafi Mowgli, jaririn da kyarketai suka tsinta suka rena. Sunayen dabbobin ba baƙi ba ne ga mai kallon finafinan Indiya. Hathi dai giwa ke nan, kamar a 'Haathi Mere Saathi' na Rajesh Khanna. Shere Khan daga "sher" ne, wato damisar nan ta Indiya mai ratsi-ratsi. Baloo kuwa daga "bhalu" ne, sunan dabbar beyar da Indiyanci.

Wanda ya fara kawo shawarar a yi katun ɗin littafin shi ne Bill Peet, tsohon mai tsara labari a kamfanin Disney. Ya zauna ya tsara labarin kusa da yadda Kipling ya rubuta, da duhunsa da tashin hankalinsa. Da Walt Disney ya duba sai ya ce a'a, wannan ya yi nauyi ga iyali. Ka san fim ɗinsu na baya, 'The Sword in the Stone' na 1963, bai samu karɓuwar da ake so ba, don haka maigidan ya sa ido sosai a kan wannan. Gardama ta yi tsami, Peet ya yi fushi ya bar kamfanin a 1964 bayan shekaru fiye da 25 yana aiki a can. Daga nan Disney ya miƙa aikin ga Larry Clemmons. Kamar yadda Clemmons ɗin ya riƙa ba da labari, Disney ya ba shi littafin a hannu, sannan ya ce masa abu na farko da yake so ya yi shi ne kada ya karanta shi.

To me aka canza? Da yawa, mai karatu. A littafi Baloo malami ne mai tsanani, wanda ke koya wa Mowgli dokar daji har da ɗan duka. A fim an mayar da shi ɗan ba-ruwana, ci da barci da rawa kawai ya sani. A littafi mesa mai suna Kaa aboki ne, shi ya ceto Mowgli daga hannun birai. A fim ya koma mugu mai neman haɗiye yaron. Sarkin birai King Louie babu shi sam a littafi, kuma irin wannan goggon birin, orangutan, ko a Indiya babu shi, sai tsibiran Borneo da Sumatra. A littafi Mowgli da kansa ya kashe Shere Khan, ya kora masa garken ɓauna suka tattake shi, ya feɗe fatar. Mutanen ƙauye kuma suka kore shi da jifa, wai matsafi ne. A fim ba a kashe kowa ba, wuta kawai aka ɗaura wa Shere Khan a wutsiya ya ranta a na kare.

Wata dabara da suka yi ita ce barin muryar ɗan wasa ta gina halin dabba. Phil Harris, mawaƙi kuma ɗan barkwanci, shi ya yi muryar Baloo, ya kuma riƙa sakin magana irin tasa maimakon bin takarda sau da ƙafa. George Sanders ya ba Shere Khan muryar ƙasaita ta manyan Ingila, har mai zane Milt Kahl ya sa wa damisar haɓa irin tasa. Louis Prima, mai busa ƙaho daga New Orleans, shi ne King Louie. Muryar Mowgli kuwa ta Bruce Reitherman ce, ɗan daraktan fim ɗin, Wolfgang Reitherman. 'Yan'uwan nan biyu, Robert da Richard Sherman, su suka rubuta yawancin waƙoƙin. Guda ɗaya tal aka bari daga aikin Terry Gilkyson na zamanin Peet, wato 'The Bare Necessities', kuma ita ce ta shiga takarar kyautar Oscar. Kar ka manta duk da hannu aka zana, kuma hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa ta fim mai tsawon minti 78.

Walt Disney bai ga ƙarshen aikin ba. Ciwon dajin huhu ya kashe shi ran 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65. Fim ɗin ya fito ran 18 ga Oktoba, 1967, wata 10 bayan mutuwarsa. A lokacin ana ta tababa ko sashen katun zai rayu babu maigida. Kimanin dala miliyan 4 aka kashe, fim ɗin kuma ya mayar da kuɗinsa ninkin ba ninkin, abin da ya kwantar wa kamfanin hankali. An sake kai shi sinima a Amurka a 1978 da 1984 da 1990, kaset ɗinsa ya fito a 1991. A Jamus kuwa an sayar da tikiti sama da miliyan 27 a tsawon shekaru.

Yanzu ga tambayar: me ya sa babba da yaro ke iya zama tabarma ɗaya su kalle shi ba wanda ya ƙosa? A nawa ganin, Disney ya zubar da kusan komai na littafin amma ya riƙe jijiya ɗaya, wato yaron da dole wata rana ya bar inda ya tashi. Yaro yana kallon rawar Baloo da faretin giwaye yana dariya. Babba kuwa Bagheera yake kallo, baƙar damisar nan da ta san in Mowgli bai koma cikin mutane ba Shere Khan zai kashe shi. Akwai wurin da Bagheera ya zaunar da Baloo cikin dare yana fahimtar da shi cewa son da yake wa yaron shi zai halaka shi. Da gari ya waye Baloo ya rasa ta inda zai fara faɗa wa Mowgli, da ya faɗa kuma yaron ya ɗauka an ci amanarsa, ya gudu. Frank Thomas da Ollie Johnston ne suka zana yawancin abin da ke tsakanin waɗannan biyun. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani har ranar mayarwa ta zo, ko ya raka ɗansa tashar mota zuwa makarantar kwana, ko ya ga an fita da 'yarsa ranar kai amarya, ba ya buƙatar a fassara masa wannan wurin. Hausawa dai sun ce ɗa na kowa ne, amma rabuwa da shi wanda ya rena ne ya san zafinta.

Ƙarshen ma haka yake. Ba faɗa ne ya kai Mowgli gida ba. Wata yarinya ya gani ta zo ɗiban ruwa a bakin rafi, ta saki tulunta da gangan, ya ɗauka ya bi ta har cikin ƙauye, ya waiwayo ya ɗaga kafaɗa. Baloo na tsaye yana kira, yaro ya tafi. Yara su yi dariya, iyaye su yi shiru.

Sai dai fim ɗin bai tsira daga suka ba. Shi Kipling, wanda ya ci kyautar Nobel a 1907, an san shi da goyon bayan mulkin mallaka, kuma masu nazari na ganin alamun haka a rubutunsa. An kuma soki King Louie da cewa an yi amfani da biri wajen kwaikwayon salon kiɗa da maganar baƙaƙen fatar Amurka. A 2020 kamfanin ya sa wa fim ɗin gargaɗi game da wannan a Disney+. Ya kamata uban da zai kunna wa 'ya'yansa ya san da haka.

Labarin ya koma Indiya ta wata hanya ta daban. Japanawa sun yi nasu katun ɗin mai dogon zango a 1989, tashar Doordarshan ta nuna shi da Indiyanci a 1993, Gulzar ya rubuta waƙar buɗewa, Vishal Bhardwaj ya yi kiɗa, Nana Patekar ya yi muryar Shere Khan. Da Disney ya sake yin fim ɗin da kwamfuta a 2016, a hannun darakta Jon Favreau, da yaro Neel Sethi a matsayin Mowgli da Idris Elba a muryar Shere Khan, ya tara sama da dala miliyan 960. A fassararsa ta Indiyanci Nana Patekar ya dawo, Irrfan Khan ya yi Baloo, Om Puri ya yi Bagheera, Priyanka Chopra ta yi Kaa. A wannan karon Mowgli bai bar daji ba.

Saboda haka, mai karatu, in ka samu hali ka nemi littafin ka karanta, sannan ka tara yaran gida ku kalli na 1967. Za ka ga labari biyu ne masu suna ɗaya. Kuma in an jima ka ji ana cacar baki a kan daraktan da ya taɓa littafin wani, kar ka tsaya ƙirga shafukan da ya yanke. Ka duba ko ya gane abin da ya sa aka so labarin tun farko, ko ya riƙe shi ko ya yar.