Noman yalo da gauta cikin bido: abin da magidanta a Damargu ya kamata su sani

A kwamin ta Ollelewa da ke gundumar Tanut, jihar Damagaram, damina ba ta wuce wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, kuma rijiyoyin yankin sun yi suna wajen zurfi. Shi ya sa Damargu, wadda tun zamanin ayarin raƙuma take ciyar da Agadas da gero, ba ta da yawan lambuna. Yawancin kayan miyar da ake gani a kasuwanni irin ta Bakin Birji daga nesa ake kawo su, kuma suna tsada da bazara. Shuka yalo ko gauta cikin bido a tsakar gida hanya ce ta rage wannan kuɗin cefane, domin duk ruwan da aka zuba yana tsayawa a gindin shukar, ba ya ɓacewa cikin rairayi.

Wane iri ne ya dace?

Yalo da gauta ƴan asalin Afirka ne, masana na kiransu Solanum aethiopicum. Yalo ba shi da ɗaci sosai, ana cin sa ɗanye, gauta kuwa ta fi ɗaci, ta fi shiga miya. Akwai kuma dogon nan mai launin shuɗi-baƙi da ake kira obarjin, wanda asalinsa daga Asiya ne. Dukansu dangin tumatir da tattasai ne, kuma cututtukansu kusan ɗaya ne. Ga mai farawa, irin gida ya fi sauƙi: ya fi jure zafi da ƙishi, kuma ana iya ajiye irinsa don shekara mai zuwa. Irin kanti mai alamar F1 yana ba da ƴaƴa da yawa, amma idan aka sake shuka irin da aka cire daga jikinsa ba ya fitowa kamar uwarsa.

Mazubi da ƙasa

Gindi ɗaya yana buƙatar mazubi mai cin lita 15 zuwa 20, mai zurfin aƙalla santimita 30. Tsohon bidon man girki da aka yanke samansa, ko bokitin da ya tsage, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna aiki. Abin da za a guje wa shi ne bidon da aka taɓa zuba fetur, gazuwal ko maganin ƙwari. A huda ƙasan mazubin wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe.

Rairayin jigawa shi kaɗai ba ya riƙe ruwa. Ana haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙone shuka. Kada a ɗebo ƙasa daga inda aka taɓa noma tumatir ya lalace, domin tana iya ɗauke da tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli.

Lokacin shuka

Wannan shuka ta fi jin daɗin zafin da ke tsakanin digiri 22 zuwa 30. Idan ya haura 35, fure yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. A Damargu watannin Afrilu da Mayu sukan wuce digiri 40, don haka lissafin shi ne a gama yawancin tsinka kafin bazara ta kankama. A yafa iri a ƙaramin kwano a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan mako huɗu zuwa shida, lokacin da ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai a dasa shi da yamma, gindi ɗaya a kowane mazubi. Tsinkar farko takan zo wata biyu zuwa uku bayan dashe, a ci gaba da tsinka har makonni da dama.

Lissafin ruwa

A lokacin sanyi gindi ɗaya yana shan kimanin lita ɗaya zuwa biyu a rana. Ke nan gindi biyar ba za su wuce lita 10 ba, bido guda na lita 25 zai kai kwana biyu da ƴan kai. Da zafi sai an ninka, safe da yamma. Kafin a ƙara ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar: in da danshi a ƙasa, a dakata. Ruwan alwala da na wankin kayan miya suna da kyau. Ruwan wanki mai sabulu ko kanwa kuwa yana tara gishiri a mazubi, ganye ya fara ƙonewa daga gefe. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi yana rage bushewa.

A ajiye mazuban inda za su sami ranar safe ta aƙalla awa shida, jikin bango ko darni da zai tare iskar hunturu. Idan zafi ya shigo, a naɗe bidon da tsohon buhu don kada saiwa ta dahu. A kafa wa kowane gindi sanda, a kuma killace wurin, domin akuya ɗaya tana iya gama aikin wata uku cikin minti kaɗan. Duk mako uku a ƙara tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, tun da abincin da ke cikin mazubi yana saurin ƙarewa.

Ƙwari da maganinsu

Babban maƙiyin yalo a Nijar shi ne jan gizo-gizo, ƙanƙanin ƙwaro da ke zama a bayan ganye yana tsotsar sa har ya yi fari-fari ya bushe. Ya fi yaɗuwa lokacin ƙura da zafi. A riƙa juya ganye ana dubawa sau biyu a mako, a wanke bayansa da ruwa, a tsinke wanda ya kamu sosai a ƙone. Ga darɓa da farin ƙuda kuwa, ƴaƴan bedi suna taimakawa: a daka gram 500 na busassun ƙwaya, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako. A tsakar gida inda yara da kaji ke yawo, wannan ya fi maganin kanti aminci. Wanda ya ga cutar da bai gane ba yana iya nuna ganyen ga malamin gona na kwamin, ko ya tuntuɓi RECA, ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, wadda ke ba da shawara da Hausa ta wayar tarho.

Tsinka da ajiye iri

Ana yanke ƴaƴan da wuƙa tun fatarsu tana sheƙi, kafin su fara ja. Yawan tsinka yana sa gindi ya ƙara fure. Don iri, a bar ɗa ɗaya ko biyu a gindin da ya fi lafiya su nuna har su yi ja, a fasa, a wanke ƙwayoyin, a shanya a inuwa, a adana cikin kwalba mai murfi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A Dakar, tun 1999 hukumar FAO ta tallafa wa shirin ƙananan lambunan gida, inda iyalai ke noma kayan miya kan tebura da mazubai. Gindi biyar ba za su maye gurbin kasuwa ba, amma suna iya riƙe tukunyar miyar gida daga Janairu zuwa Maris. Wanda ke son cin yalonsa a wannan lokacin, tun watan Agusta ya kamata ya tara taki ya fara ruɓewa.