Kuskuren Alƙalami a Tamanrasset: Tarihin Gyaran Takardar Haihuwa Ba Tare da Zaman Shari'a Ba

Matafiyin da ya tashi daga Agadas, ya bi ta Arlit da Asamaka har ya isa Tamanrasset a kudancin Aljeriya, zai tarar sunan garin kansa yana da rubutu fiye da ɗaya. Wata takarda ta ce Tamanrasset, wata ta ce Tamanghasset. Dalili kuwa, a harshen Abzinawan Ahaggar akwai wani sautin maƙogwaro irin na harafin غ na Larabci, wanda Faransawa suka riƙa rubutawa da r, wani lokaci da rh ko gh. Idan sunan babban birnin lardi ya sha wannan juyi a hannun marubuta, ina ga sunan ɗan makiyayi da aka haifa a tanti? Tarihin gyaran takardar haihuwa a wannan gari tarihi ne na sunayen da aka faɗa da wani harshe, aka rubuta da wani, daga baya aka sake kwafe su da na uku.

Faransa ta kafa rajistar haihuwa ga Musulmin Aljeriya da dokar 23 ga Maris 1882, wadda ta wajabta wa kowane gida ya ɗauki sunan iyali guda da 'ya'ya za su gada. Dokar ta fara aiki ne a arewacin ƙasar, domin a lokacin Ahaggar ba ta shiga hannun Faransawa ba. Sai bayan yaƙin Tit na 1902, da sulhun da Musa ag Amastan ya yi da su a In Salah a 1904, ikonsu ya kai can. Ko bayan haka, kudu ta zauna ƙarƙashin mulkin soja, kuma makiyaya da yawa sun rayu sun mutu babu wanda ya rubuta ranar haihuwarsu.

Tsarin sunan iyali baƙo ne ga Abzinawa. Su suna jingina mutum ga mahaifinsa da kalmar ag, wato ɗan wane, kamar yadda Bahaushe ke cewa Audu ɗan Garba. Da aka zo cika rajista, sau da yawa sunan uba ne ya koma sunan gida. Misali sananne shi ne gidan Akhamuk ag Ihemma, wanda ya gaji Musa ag Amastan a sarautar Kel Ahaggar: sunansa ya zama sunan zuriyarsa, kuma har yau ana ganin sa a rubuce-rubucen Faransanci da siffa dabam-dabam, Akhamouk a nan, Akhamokh a can. Haka ma shekaru. Wanda ba a san ranar haihuwarsa ba, akan ƙiyasta masa shekara a rubuta ta kaɗai, babu rana babu wata.

Bayan samun 'yanci a 1962, gwamnatin Aljeriya ta fitar da doka a 1966 don kafa rajista a yankunan da ba su da ita. Sannan a ranar 19 ga Fabrairu 1970 aka fitar da doka mai lamba 70-20, wadda har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni. A cikinta ne aka raba kuskure gida biyu. Kuskuren da ya taɓa gaskiyar lamari, kamar wane ne uban yaro, na alƙali ne: mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke miƙa buƙatar, shugaban kotu ya ba da umarni, kuma dokar ta ce kyauta ake yi. Shi kuwa kuskuren alƙalami tsantsa, kamar harafin da ya faɗi ko lambar da aka juya wajen kwafi, sashe na 51 ya ba mai gabatar da ƙara ikon gyara shi ta hanyar ofis. Yana duba hujjoji, ya aika umarni kai tsaye ga masu riƙe da littattafan rajista. Ofishinsa yana cikin ginin kotu, amma babu zaman shari'a, babu abokin gaba, babu hukuncin alƙali.

Yadda ake yin gyaran ma abin lura ne. Ana ajiye kowane littafin rajista kwafi biyu, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a ma'ajiyar babbar kotu. Ba a kankare kuskuren, ba a kuma yaga shafin. A gefen shafin ake rubuta bayanin gyaran, a duka kwafin biyu, ta yadda wanda ya buɗe littafin bayan shekara hamsin zai ga abin da aka fara rubutawa, ya kuma ga abin da aka gyara da ranar da aka gyara shi. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hukuma ta amince cewa magatakardanta na iya kuskure, ba tare da an zubar da darajar littafin ba.

Amfanin wannan sashe ya ƙara fitowa ne da aka koma Larabci. A watan Maris na 1981 an fitar da dokoki kan sunayen yanka, da sunayen garuruwa, da mayar da sunayen iyali zuwa haruffan Larabci. Magatakarda suka riƙa kwafe sunaye daga rubutun Faransanci, wanda tun asali bai kama sautukan daidai ba. Harafin h guda na iya zama ح ko ه, harafin k na iya zama ك ko ق. Ta haka 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, kan wayi gari da sunan gida iri biyu. Da aka soma shigar da rajista cikin kwamfuta, aka kuma ƙirƙiro takardar haihuwa ta musamman mai suna 12S a 2010 saboda sabon fasfo, kurakuran da suka daɗe a kwance suka bayyana, aka ƙara da sababbi na masu buga bayanai. Harafi ɗaya kan iya tsayar da fasfo, ko rajistar jarrabawa, ko rabon gado.

A da, sai mutum ya koma wurin hukumar shari'ar yankin da aka rubuta haihuwarsa. A Sahara wannan babban nauyi ne: daga In Gezzam zuwa Tamanrasset kusan kilomita 400 ne, daga Tamanrasset zuwa Aljiyas kuwa kusan 2,000. Dokar 14-08 ta watan Agusta 2014 ta kafa rajistar ƙasa ta kwamfuta, ta kuma ba mutanen kudu kwana 20 su kai rahoton haihuwa, alhali sauran ƙasar kwana 5 ne. Dokar 17-03 ta watan Janairu 2017 ta ba da damar neman gyara a kowace kotu a faɗin ƙasar, har ma ta intanet.

Akwai darasi a nan ga ɗalibin Hausa. A Tamanrasset akwai Hausawa da yawa, galibi daga Nijar, 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma sunayensu na bin wannan hanya. Haruna na Kano shi ne Harouna a takardar Nijar, Shu'aibu shi ne Chaïbou, Usman shi ne Ousmane. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ babu su a Faransanci, babu su a daidaitaccen Larabci, don haka Ɗanladi kan rasa lanƙwasarsa tun a hannun magatakarda na farko. Idan aka haifa wa irin wannan mutum ɗa a Tamanrasset, sunan uba a takardar jaririn zai iya saɓa wa wanda ke cikin takardun uban, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka nemi a haɗa su biyun. Shi ya sa uba mai lura kan karanta takardar harafi bayan harafi tun yana gaban tagar ofis, kafin ya naɗe ta ya sa aljihu.